ANOVA mai gauraya: kwatanta rukunoni tare da maimaita awo

Wane irin bincike ne ke buƙatar wannan hanya?

Binciken da aka kasa mutane rukuni-rukuni, sannan aka auna kowannensu fiye da sau ɗaya. ANOVA dai hanyar lissafi ce ta gwada ko matsakaicin rukunoni ya bambanta da gaske, mai gauraya kuma ita ce ta irin wannan bincike. A ce masu hawan jini 60 ne, 30 na shan sabon magani, 30 na shan tsohon. An auna jininsu ranar farko, da bayan wata ɗaya, da bayan wata uku. Kowa rukuninsa ɗaya ne tak, amma kowa an auna shi a duk lokutan uku. Gaurayar ke nan.

Me zai hana a yi amfani da ANOVA da aka saba?

Ita tana ɗauka cewa kowane awo zaman kansa yake yi, alhali awo uku na mutum ɗaya suna da alaƙa. Wanda jininsa ya fi na saura hawa tun farko, galibi haka zai ci gaba. Mai gauraya sai ta raba bambancin gida biyu: wanda ke tsakanin mutane, da wanda ke tsakanin awon mutum guda. Da na farko ake gwada tasirin rukuni, da na biyu ake gwada tasirin lokaci, shi ya sa ta fi saurin gano canjin da lokaci ya kawo. Tushen dabarar gwajin noma ne irin na masanin ƙididdiga Ronald Fisher, wanda ya fara aiki a tashar binciken gona ta Rothamsted a Ingila a 1919. Akan yi wa babban fili abu ɗaya, sannan a yanka shi ƙanana a gwada iri daban-daban. A nan mutum ne babban filin, lokutan awo kuma su ne ƙananan.

Wane sakamako ya kamata a fara dubawa?

Sakamako uku ke fitowa: na rukuni, na lokaci, da na cuɗanyar su biyun. A ganina na ukun ne zuciyar binciken, domin shi ke amsa tambayar da ta sa aka yi aikin: shin yadda jinin ya sauka a wannan rukuni ya bambanta da yadda ya sauka a wancan? Tasirin lokaci kaɗai bai nuna sabon magani ya fi ba, tunda kowa na iya samun sauƙi. Tasirin rukuni kuwa matsakaicin duk lokutan yake ɗauka, har da ranar farko da ba wanda ya sha komai tukuna. Ina ba da shawarar a zana matsakaicin kowane rukuni a kan lokaci. Idan layukan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa, babu cuɗanya. Idan suka buɗe ko suka giftta juna, kuma gwaji ya tabbatar, sai a bi lokutan ɗaya bayan ɗaya a ga inda rabuwar ta soma.

Akwai sharuɗɗa?

Akwai. Babbansu shi ne warwatsuwar bambancin awo tsakanin kowane lokaci biyu, wato yadda bambancin ke bazuwa daga mutum zuwa mutum, ta zama kusan ɗaya. Gwajin Mauchly na 1940 ke duba wannan, kuma sai awo ya kai uku batun ke tasowa. Idan sharaɗin ya karye, ana gyara da hanyar Greenhouse da Geisser ta 1959, ko ta Huynh da Feldt ta 1976. Gwajin Levene kuma shi ke duba ko warwatsuwar rukunonin ta yi daidai.

Idan wani bai zo awo ɗaya ba fa?

Nan rauninta yake. Manhajoji irin su SPSS kan cire mutumin gaba ɗaya, har da awonsa biyu masu kyau. Idan masu fashin awo sun yi yawa, gara a koma ga wata hanya daban, wato samfurin lissafi mai gaurayayyen tasiri, wanda ke aiki da duk awon da aka samu.