Shigar mata da shafa baƙi a fuska: me dokar Amurka ta ce?

Akwai wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu fafutukar haƙƙin mata a Amurka. Wasu na cewa namijin da ya caɓa ado irin na mata ya hau dandamali, wasan da suke kira drag, ba shi da maraba da Baturen da ya shafa baƙi a fuska yana kwaikwayon baƙar fata. Kelly Kleiman ta kafa wannan hujja a wata mujallar shari'a ta Chicago a 2000. Wasu kuwa sun ce kwatancen raini ne ga baƙaƙen fata, domin shafa baƙi ya bunƙasa tun zamanin bauta, kuma Jim Crow, sunan da wani Bature, Thomas Rice, ya yi wasan shafa baƙi da shi a shekarun 1830, shi ne ya koma sunan dokokin wariyar launin fata.

To amma kotu ba ruwanta da wanda aka fi ɓata wa rai. Gyaran farko na kundin tsarin mulkin ƙasar ya hana gwamnati hukunta mutum don saƙonsa bai yi mata daɗi ba. A 1991 wasu ɗaliban Jami'ar George Mason a jihar Virginia suka shirya gasar "mummunar mace", ɗayansu ya haɗa biyun: kayan mata da baƙin fenti. Jami'ar ta hukunta ƙungiyarsu. A 1993 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce wasan, duk da muninsa, yana da kariya, tunda jami'ar ta gwamnati ce. Kamfani mai zaman kansa kam yana iya sallamar ma'aikacinsa.

Dokar da gwamnan jihar Tennessee Bill Lee ya sa wa hannu a Maris 2023 ma ba mutuncin mata ta tashi karewa ba. Batun yara ta kama: ta haramta wasan batsa, har da na masu kwaikwayon maza ko mata, a filin gwamnati ko inda yaro zai iya gani. Karon farko ƙaramin laifi ne, wanda ya maimaita kuma yana iya shan ɗaurin shekara 6.

Alƙali Thomas Parker ya soke ta a Yunin shekarar, ya ce ta yi faɗi kuma kalmominta a dunƙule suke. A Yuli 2024 kotun sama ta maido da ita, bisa dalilin cewa ƙungiyar wasan kwaikwayon Memphis da ta kai ƙarar ba ta nuna dokar za ta taɓa wasanninta ba.