Waiwaye: Tayar Raleigh ta daɗe tana sacewa

Duk sanda aka ji kamfanin kekuna na Raleigh ya sake rage ma'aikata, sai tsohuwar gardama ta taso a Ingila: me ya cinye masana'antar da ta taɓa ɗora rabin duniya a kan keke? Amsar da aka fi ji ita ce kekunan Asiya masu araha, wai su suka rufe masana'antar kamfanin da ke birnin Nottingham a 2002. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai tayar da aka ga ta kwanta a 2002, kusan shekara 50 ke nan da ƙaya ta shige ta.

Farkon labarin ba ɓoyayye ba ne. A 1885 wani ɗan shago ne a titin Raleigh cikin Nottingham, ana ƙera keke uku a mako. Frank Bowden, wanda likita ya ba shawarar hawan keke saboda lafiyarsa, ya saye shagon, kuma zuwa 1913 babu kamfanin keke a duniya da ya kai shi girma. Ya haɗiye Humber a 1932, Rudge a 1943. Wato Rale da Hamba da Raji da iyayenmu suka sha musu a kan wanne ya fi ƙarko, daga baya duk 'yan gida ɗaya ne. Wanda ya taɓa ganin baƙin keken nan ba zai manta ba: kan zalɓe a goshi, birki na sandar ƙarfe, sirdin fata, ga malamin makaranta yana goge shi da tsumma kamar ango da sabuwar riga.

Inda ba a cika tsayawa ba shi ne shekarun 1950. A 1951 kamfanin ya ƙera keke fiye da miliyan ɗaya, kaso mai tsoka na fita ƙasashen da Ingila ta mallaka. Ciniki na ta hauhawa, sai aka gina masana'anta ta uku, ta ci fam miliyan 5, aka buɗe ta a 1957. A lissafin wancan lokaci, kowa zai ce daidai aka yi. Amma kafin a gama fenti, kasuwar da aka gina ta dominta ta fara zamewa ta gefe biyu.

A gida, lebura ya samu abin hannu. Mutumin da jiya yake taka keke zuwa aiki, yau ya karɓi ƙaramar mota yana biya kaɗan-kaɗan. Tsakanin 1950 da 1962 cinikin keke a Birtaniya ya ragu da rabi, keke ya koma abin yara da wanda bai samu ba.

Na waje kuwa ya fi ciwo, don shi ba ya warkewa. Indiya ta samu 'yanci a 1947, kuma wanda ya karɓi ƙasarsa ba zai ci gaba da jiran jirgin ruwa ya kawo masa abin da zai iya ƙerawa ba. An kafa masana'antar keke a Madras a 1949, wata a Asansol da haɗin gwiwar Raleigh ɗin kansa, sannan Hero a Ludhiana a 1956. A nan ne, a ganina, aka raba suna da aiki: tambarin na ci gaba da sayuwa, amma walda da albashi sun koma wata ƙasa. Abin da ya faru a 2002 maimaici ne kawai. A Nottingham kuwa, babban ɓangare na sabon ginin ya zauna ba aiki, kuma a 1960 Raleigh ya shiga hannun wani babban kamfanin Ingila, Tube Investments, inda ya tarar da tsoffin abokan hamayyarsa, Phillips da Hercules. Wasu na kallon wannan a matsayin ƙarin ƙarfi. Ni dai ban taɓa ganin 'yan kasuwa sun haɗa rumfa ranar da ciniki ke tafiya ba.

An samu sararawa daga baya. Keken yara na Chopper ya yi kasuwa a shekarun 1970, ƙungiyar tseren kamfanin ta ci gasar zagaye Faransa a 1980, kuɗin mai ya sa Nijeriya ta zama babbar kasuwa, har aka riƙa harhaɗa Rale a Kano. Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, nan ma ƙofa ta tsuke, matasa kuma hankalinsu ya koma kan babur.

Sauran duk gangara ce. An sayar da kamfanin a 1987, aka daina ƙera gangar jikin keke da yawa a Nottingham a 1999, aka daina harhaɗawa a 2002, sannan Accell na ƙasar Holan ya saye shi a 2012. Filin da masana'antar ta zauna a kai, yanzu harabar Jami'ar Nottingham ce.