Kashi 5 cikin 100: dokar da ke sa gidauniyoyin Amurka sakin kuɗin binciken kimiyya

Idan attajiri a Amurka ya ware dukiya ya kafa gidauniya don tallafa wa kimiyya, gwamnati na sassauta masa haraji sosai. Sai dai sassaucin na da sharaɗi: duk shekara dole gidauniyar ta kashe kimanin kashi 5 cikin 100 na darajar jarinta kan aikin alherin da aka kafa ta dominsa. Mai jarin dala biliyan 1 sai ta fitar da wajen dala miliyan 50 ke nan, ko ta ci riba a shekarar ko ba ta ci ba.

Ba haka kawai aka tashi aka kafa wannan doka ba. A shekarun 1960 wani ɗan majalisar wakilai daga Texas, Wright Patman, ya yi ta bankaɗo yadda wasu masu kuɗi ke zuba hannayen jarin kamfanoninsu cikin gidauniya, su kauce wa haraji, ragamar kamfanin tana hannunsu, jama'a kuwa ko sisi ba sa gani. Gyaran dokar haraji na 1969 ya toshe wannan kafa. Da farko an sa kashi 6, daga baya aka rage, kuma tun 1981 lissafin ya tsaya kan kashi 5 na darajar jari.

Abin da ake ƙirgawa cikin kason ya haɗa da tallafin da aka ba jami'o'i, kuɗin binciken da gidauniyar ke yi da kanta, da albashin ma'aikatanta muddin bai wuce kima ba. Tana da wa'adi har ƙarshen shekara mai biyowa ta cika kason. In ta gaza, hukumar haraji ta IRS za ta ci ta tarar kashi 30 na abin da ta riƙe. In ta yi kunnen ƙashi, tarar ta koma kashi 100. Akwai kuma wata dama da ta dace da kimiyya ƙwarai: da izinin hukumar, ana iya ajiye kuɗi har tsawon watanni 60 don babban aiki guda. Wanda ya san yadda ake gina na'urar hangen taurari zai gane amfanin wannan. Gidauniyar Keck ta ba jami'ar Caltech dala miliyan 70 a 1985 don gina irinta a kan dutsen Mauna Kea na Hawai, kuma sai da aka shafe shekaru kafin ta fara aiki.

To wane bincike ne doka ta ɗauka aikin alheri? Wanda amfaninsa na jama'a ne, musamman idan za a wallafa sakamakon kowa ya samu ba tare da fifiko ba. Gwajin kayan da kamfani zai kai kasuwa ba ya ciki. Shi ya sa binciken tushe, irin na lissafi ko asalin sararin samaniya ko yadda ƙwayar halitta ke rabuwa, ke shiga ba gardama, tunda ba mai ribar da zai ci da shi gobe. An kuma hana gidauniya cinikin kadara ko ba da bashi ga wanda ya kafa ta, ko iyalinsa, ko shugabanninta, ko da farashin na adalci ne. Ba a ba kura ajiyar nama.

Inda dokar ta yi shiru shi ne zaɓin fanni. Marigayi Jim Simons masanin lissafi ne, gidauniyar da ya kafa da matarsa Marilyn a 1994 ta karkata ga lissafi da kimiyyar tushe, kuma ba laifi a haka. Amma harajin da aka yafe kuɗin jama'a ne, don haka jama'a na da hannu a kuɗin, ba su da baki a zaɓin. A ganina wannan ne wurin da ya fi cancantar muhawara, fiye da jayayyar a ɗaga kason ko a bar shi.

Kuma ba kowa dokar ta kama ba. Cibiyar binciken lafiya ta Howard Hughes, da aka kafa a 1953, ana lissafa ta ƙungiyar binciken lafiya, ma'auninta kashi 3.5 ne, da sharaɗin ta yi binciken da kanta. Saboda haka take ɗaukar masana a matsayin ma'aikatanta suna zaune a jami'o'insu. Mark Zuckerberg mai Facebook da matarsa Priscilla Chan kuwa a 2015 kamfani suka kafa don ayyukansu na alheri. Kamfanin ba shi da yafiyar haraji, ba shi da tilascin kashi 5, ba ya kuma cika takardar 990-PF, wadda kowace gidauniya ke miƙawa duk shekara da sunan duk wanda ta ba tallafi da adadin da ya karɓa, kowa na iya dubawa a intanet.