Zaɓen Amurka da maganar jinsi a makarantu: ku karanta kafin ku sake turo min saƙon murya

Da zarar zaɓe ya matso sai tambayoyin nan su dawo, daga 'yan uwanmu mazauna nan Amurka da ke da yara a makarantun gwamnati, har da na gida da suka ga wani bidiyo a WhatsApp hankalinsu ya tashi. Ga su nan na tara wuri guda. Wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Da gaske ne ana yi wa yara tiyatar sauya jinsi a makaranta?

A'a. Trump ya sha faɗin haka a kamfen ɗin 2024, wai yaro zai tafi makaranta ya dawo gida an yi masa aiki, amma babu makarantar da aka nuna ta yi. Nas ɗin makarantar da ko maganin ciwon kai ba ta iya ba ɗanka sai ka cike takarda ka sa hannu, ita ce za ta yi tiyata? Haba jama'a.

To a kan me ake rigimar?

Abubuwa ne 'yan kaɗan suke ta juyawa. Yaron da aka haifa namiji ya ce shi mace yake jin kansa, ko akasin haka, wane banɗaki zai shiga, da su wa zai yi wasanni, da wane suna malamai za su kira shi, kuma in ya faɗa wa malama a asirce dole ne ta gaya wa iyayensa ko kuwa. Sai kuma littattafan da ake karanta wa yara a aji da waɗanda ke laburare. Shi ke nan. Duk ɗan takarar da ka ji yana kumfar baki, cikin waɗannan ne yake magana a kan ɗaya.

Wannan ba shi ne auren jinsi ba?

Ba shi ba ne. Wancan Kotun Ƙoli ta halatta shi tun 2015, kuma babu ruwan hukumar makaranta da shi.

Ina da girin kad, zan iya jefa ƙuri'a in taimaka?

Kada ka kuskura. Na sa wannan a sama ne saboda ita ce ta fi ba ni tsoro. Wanda ba ɗan ƙasa ba in ya yi zaɓen tarayya laifi ne babba, yana iya jawo a kore shi daga ƙasar, ko ranar da ya je neman zama ɗan ƙasa maganar ta taso. A ofishin lasisin mota ma in aka miƙo maka takardar rajistar zaɓe ka ce a'a, kar ka sa hannu don kunya ko don ba ka gane Turancin ba. Akwai 'yan wurare irin San Francisco da ke barin iyaye baƙi su zaɓi hukumar makarantu, amma kai ba a can kake ba sai ka tabbatar da idonka. Zuwa taron hukumar makarantu kuwa ba a tambayar fasfo, kowa na iya zuwa ya yi magana.

'Yan Rifablikan ne namu a wannan maganar, 'yan Dimokurat kuma su ne masu goyon baya, ko?

A dunƙule haka ne, a warware ba haka ba ne. Gwamnan Filorida Ron DeSantis, ɗan Rifablikan, ya sa hannu a dokar 2022 da ta hana koyar da maganar jinsi daga nazare zuwa aji uku, a 2023 aka faɗaɗa ta har ƙarshen sakandare. A Kalifoniya kuma Gavin Newsom, ɗan Dimokurat, ya sa hannu a dokar 2024 da ta hana gundumomi tilasta wa malamai su sanar da iyaye in yaro ya canza suna ko jinsi a makaranta, dokar da aka yi ta kai ruwa rana a kanta a kotu. Amma shi wannan Newsom ɗin a Maris na 2025 ya fito ya ce shigar waɗanda aka haifa maza wasannin mata rashin adalci ne, 'yan jam'iyyarsa suka yi masa ca. Shi kuma Spencer Cox na Utah, ɗan Rifablikan, a 2022 ya ƙi sa hannu a dokar hana su wasa, ya ce cikin ɗalibai 75,000 masu wasanni a sakandaren jihar 4 ne kacal masu sauya jinsi, 1 ce a wasan mata. Majalisa ta tsallake shi ta zartar. Don haka ka daina kallon hoton giwa da jaki, tambarin jam'iyyun biyu, kawai.

Trump ya hau, ai an gama maganar?

Ba a gama ba. Ranar 20 ga Janairun 2025 ya sa hannu a umarnin cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu ta sani, a Fabrairu ya ƙara da na hana waɗanda aka haifa maza shiga wasannin mata, kafin nan ma wani alƙali a Kentucky ya riga ya soke ƙa'idar kare ɗalibai masu sauya jinsi da Biden ya fitar a 2024 a ƙarƙashin dokar 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana nuna bambancin jinsi a makarantu. Amma makarantu a hannun jihohi da gundumomi suke, gundumomin makarantu sun haura 13,000, kuma kuɗin tarayya wajen kashi 10 ne cikin 100 na abin da suke kashewa. Makamin shugaban ƙasa shi ne barazanar riƙe kuɗin nan. Gwamnar Maine Janet Mills a gaban idonsa ta ce masa sai mun haɗu a kotu. Umarnin shugaba kuma wanda ya gaje shi yana iya share shi ranar da ya shiga ofis.

Maganar nan tana cin zaɓe ne?

Wani lokaci. A zaɓen gwamnan Virginia a 2021 Terry McAuliffe, ɗan Dimokurat, ya yi suɓul da baka a muhawara, ya ce bai ga dalilin da iyaye za su riƙa gaya wa makaranta abin da za ta koyar ba, Glenn Youngkin, ɗan Rifablikan, ya ɗauki maganar ya yi ta yawo da ita har ya ci. A jihar dai a 2025 Winsome Earle-Sears ta Rifablikan ta zuba tallace-tallace a kan banɗaki da wasanni, Abigail Spanberger ta Dimokurat ta kayar da ita da rata mai yawa. Jiha ɗaya fa.

Ɗan takarar da bakinmu ya zo ɗaya a kan wannan maganar shi ne kuma ba ya ƙaunar baƙi da Musulmi, wanda ke zuwa masallacinmu kuma yana ɗaya ɓangaren. Wa zan zaɓa?

Yawwa, wannan ita ce tambayar, kuma ba zan ba ki suna ba Hajiya, ko ta waya kika kira. Abin da zan iya shi ne in faɗa miki yadda ni nake aunawa, kuma ba lallai ya yi daidai da gundumarki ba.

Da farko ki duba kujerar da mutum ke nema, me ke hannunta. Ɗan hukumar makarantu ba shi da ikon ba da biza ko hana ta, bai san ma inda ake yi ba, amma yana da ƙuri'a a kan littafin da za a saya, da ƙa'idar sanar da iyaye, da ko za a ba da hutun Sallah, da ko za a samu abincin halal a kantin makaranta, da kuɗin malaman da ke koya wa yaran da suka zo daga gida Turanci. Shi kuma ɗan takarar shugaban ƙasa ko sanata akasin haka ne, bakinsa a kan aji na ɗanki da nisa, amma a kan biza kusa yake, kun dai ga an sa Najeriya a jerin takunkumin biza a 2020, an sa Chadi da Sudan a na Yunin 2025. To ba dole ba ne ki yi layi ɗaya daga saman takarda har ƙasa. Kina iya zaɓen wannan a sama ki zaɓi wancan a ƙasa, kuma a yawancin jihohi ma 'yan takarar hukumar makarantu ba a rubuta jam'iyya a gefen sunansu, suna ne tsirara, sau da yawa a bayan takardar, can ƙasa bayan alƙalai, inda mutane suka gaji suka bari ba su cike ba. Wannan layin da ake bari shi ne ya fi kusa da jakar ɗanki.

Sai kuma yadda za ki san ainihin ra'ayin mutum, don takardar da suke maƙalawa a ƙofa ba ta faɗin komai. Duk wanda ya rubuta haƙƙin iyaye da manyan baƙaƙe kin san inda ya karkata, wanda ya rubuta makaranta ta kowa da kowa shi ma kin sani, amma karkata daban, abin da zai yi daban. Ki duba wa ya tsaya masa. In ƙungiyar Moms for Liberty ce, ta iyaye masu ra'ayin mazan jiya wadda aka kafa a Filorida a 2021, ɓangare guda ne, in ƙungiyar malamai ce galibi ɗaya ɓangaren ne, duk da cewa ita ƙungiyar malamai albashi da yawan yara a aji ne suka fi damunta. In mutum yana kan kujera yana neman tazarce to an huta, ƙuri'un da ya kaɗa suna rubuce a bayanan taron hukumar, galibi har da bidiyo. In sabo ne ki rubuta masa imel da tambaya ɗaya ƙwaƙƙwara, ba me kake gani game da jinsi ba, wannan zai zagaya da ke har Magariba. Ki ce masa, in za a karanta littafi mai maganar jinsi a ajin ɗana za a sanar da ni tukuna, kuma zan iya cire shi ba tare da an rage masa maki ba, e ko a'a. Ki bi da ta biyu, in aka tsokani 'yata saboda hijabi me za ka yi. Wanda ya amsa ta farko da zafi ya yi shiru a ta biyu kin gane shi, wanda ya yi akasin haka ma kin gane shi.

Amma fa in faɗa miki gaskiya, akwai gundumar da za ki yi duk wannan ki tarar babu wanda ya haɗa biyun. A nan sai dai ki auna wanne ne ya fi kusa da faruwa ga ɗanki bana. In jiharki ta riga ta yi doka a kan banɗaki da wasanni, kamar yadda jihohi fiye da 20 suka yi a kan wasanni, to ɗan takarar da ke ta ihu a kai ihu kawai yake, hukumar ba ta da abin da za ta ƙara, gara ki duba batun motar makaranta da malamin lissafi. In kuma gundumarki ce ke shirin canza ƙa'idar sanar da iyaye a wannan zangon, to ƙuri'ar tana da nauyi. Wani zai auna ya fito da amsa daban da tawa kuma ba zan ce ya yi laifi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zo a ce min an zaɓi mutum saboda wani ya turo hotonsa a guruf.

Zan iya cire ɗana daga darasin?

Kwantar da hankalinki, yanzu kina da madogara. A gundumar Montgomery ta Maryland an shigo da littattafan labarai masu maganar jinsi a firamare a 2022, da farko ana barin iyaye su cire yaransu, a Maris na 2023 hukumar ta ce ta daina. Iyaye Musulmi da Kirista suka haɗa kai suka kai ƙara, shari'ar da ake kira Mahmoud da Taylor, ranar 27 ga Yunin 2025 Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya da alƙalai 6 cikin 9, ta ce a sanar da su a kuma bar su su cire yaransu saboda addini. Sai dai hukuncin bai ce a kwashe littattafan ba, ɗanki kawai za ki cire. Ki rubuta a takarda ki ajiye kwafi, faɗa wa malama a bakin ƙofa lokacin ɗaukar yara ba ya shiga ko'ina.

Akwai yaro irin wannan a ajin 'yata, me zan ce mata?

Ki koya mata addininta a gida, ki kuma ce mata kada ta zage shi, kada ta shiga cikin masu yi masa dariya. Yaro ne, ɗan wani ne, kuma dokar hana cin zalin da ke kare shi ita ce ke kare ɗankwalin 'yarki. In ta tsokane shi ana iya dakatar da ita, babu ɗan takarar da zai zo ya cece ta.

Mu haɗu mu je taron mu tayar da hankali kamar yadda aka yi a Dearborn?

A Oktoban 2022 ɗaruruwan mutane sun cika zauren a Dearborn ta Michigan a kan littattafai, hayaniya ta yi yawa har aka tashi taron ba a gama ba, sai da aka sake sa rana. Ku je, amma ku yi rajistar magana tun da wuri. Minti biyu ko uku ake bayarwa, ga agogo yana ƙirgawa a gabanka, in lokaci ya cika a wasu wuraren kashe makirufo ake yi kana tsakiyar magana, don haka ba wurin doguwar gaisuwa da salati uku ba ne. Mutum ɗaya ya rubuta abin da zai faɗa, buƙata ɗaya, sauran su zauna a bayansa a gan su.

Mu da ke gida Najeriya da Nijar abin zai iso makarantunmu?

Hukumar makarantun Maryland ba ta rubuta manhajar Kano ko ta Maraɗi. Ku bar mu da namu.

Yaushe ne zaɓen hukumar makarantun?

Ba rana ɗaya ba ce. Wasu a Nuwamba, wasu a Afrilu ko Mayu lokacin da kowa ya manta, birnin New York ma ba a zaɓen hukumar gaba ɗaya, makarantu suna hannun magajin gari tun 2002, sai dai ƙananan majalisun iyaye na unguwanni. Ka shiga shafin ofishin zaɓen gundumarka ka sa adireshinka, zai nuna maka samfurin takardar ƙuri'arka da ranar. Ba sai ka kira ni ba.