Kalmar inclusion: ma'anarta da kalmomin da suke kusa da ita

Inclusion kalmar Turanci ce, kuma haka Faransanci ma yake rubuta ta, shi ya sa za ka ji ta a Abuja ka ji ta a Yamai da Njamena. Asalinta daga Latin ne, includere, wato rufe abu a cikin wani abu. Ma'anarta ta farko kenan, a sa abu cikin lissafi ko cikin jeri, irin yadda mai gida zai ce kuɗin haya dubu ɗari biyu ne har da na ruwa. To wannan "har da" ɗin ita ce mafi ƙanƙantar hanyar faɗinta a Hausa, kishiyarta kuma "ban da".

Amma yau in ka ji ta a rediyo ko a bakin ma'aikatan ƙungiyoyi, galibi mutane ake nufi, wato a tafi da kowa kar a bar wani a baya saboda lalurarsa ko jinsinsa ko shekarunsa ko talaucinsa. A nan ne masu fassara suke rabuwa, wasu su ce shigarwa, wasu haɗawa, wasu tafiya tare, wasu jawowa a jiki, amma wadda ta fi zama a kunne ita ce damawa da kowa. Daga damun fura ko kunu aka aro ta, kuma duk wanda ya taɓa kallon mai fura tana murje curi da ludayi a cikin ƙwarya har ya bi nono ya san ba a zuba abu a gefe a ce an dama. Shi ya sa in matasa ko mata suka ce "ba a damawa da mu" ba wai suna cewa an hana su shiga zauren taro ba ne, sau da yawa suna ciki ma, an ba su kujera an ɗauki hoto, amma shawara an riga an yanke ta tun jiya. Irin wannan Hausa tana da sunansa, ɗan rakiya ko ɗan amshin shata, muƙamin da aka ba shi kuma a ce na jeka-na-yi-ka ne.

Wannan bambancin akwai shi a Turancin ma. Integration ana yawan ɗaukarta daidai da inclusion amma masana ilimi sun raba su. A ta farko yaro kurma ake kawowa aji a ce ya yi ƙoƙari ya bi sahu, a ta biyu makarantar ce za ta gyara kanta, a nemo malamin da ya iya maganar hannu, a samo wa makaho littafin da zai shafa da yatsa, a yi gangare a bakin ƙofa don mai keken guragu ya hau ba sai an ciccibe shi ba. Participation ta fi karkata ga sa hannu a cikin aiki, incorporation kuma haɗe abu ne ya zama ɓangaren wani, an fi jin ta a harkar kamfanoni da dokoki.

A fagen ilimi kalmar ta yi ƙarfi ne bayan taron Salamanka a ƙasar Sifaniya a 1994, inda gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka amince yara masu buƙata ta musamman su yi karatu a makarantun kowa da kowa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa a 2006, Najeriya ta tabbatar da amincewa da ita a hukumance a 2010, sannan a Janairun 2019 shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ware musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na guraben aikin gwamnati ta kuma ba da shekara biyar a gyara gine-gine. Wa'adin ya cika, kuma abin da ciwo, har yanzu ofisoshi da yawa matakala ce kawai a bakinsu.

A harkar kuɗi ma ana amfani da ita, Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarinsa a 2012 don jawo waɗanda ba su da asusu, kuma masu POS da ke zaune ƙarƙashin lema a kasuwannin ƙauye suna cikin abin da ya kai banki inda babu reshe. A siyasa kuwa Chadi ta sa 'yar'uwar kalmar, wato inclusif, a sunan babban taron ƙasa da ta buɗe a Agustan 2022, duk da cewa wasu 'yan adawa da 'yan tawaye sun ƙaurace masa.

Masu lissafi suna kiran kasancewar ƙaramin rukuni a cikin babba da sunan inclusion, masu duwatsu masu daraja kuma ɗan ɗigo ko kumfar da ta maƙale a cikin dutse suke nufi. Kishiyarta a Turanci exclusion ce, a Hausa wariya, ko nuna bambanci, ko a mayar da mutum saniyar ware, a cikin gida kuma a ce an mai da shi ɗan bora.