Intrepid: jirgin yaƙin da ya zama gidan tarihi a New York

Wane irin jirgi ne?

Jirgin ruwa ne da a da yake zama filin jirgin sama mai yawo a kan teku. Jiragen yaƙi a kansa suke tashi, a kansa suke sauka. An ƙera shi a Newport News, jihar Virginia ta Amurka, ya fara aiki a watan Agustan 1943. Tsawonsa ya haura mita 260, a lokacin yaƙi yana kwasar sojoji fiye da 3,000.

Me ya gani a Yaƙin Duniya na Biyu?

Ya sha wuya a hannun Japan. A Fabrairun 1944 bam ɗin ƙarƙashin ruwa ya same shi kusa da tsibiran Truk da ke tekun Pasifik, abin juya akalarsa ya ƙage. Sai da matuƙan suka harhaɗa tamfol suka kafa masa a gaba, iska ta taimaka, sannan suka lallaɓa da shi zuwa Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii. Matuƙan Japan 'yan ƙunar baƙin wake ma sun yi ta afka masa da jiragensu. A ranar 25 ga Nuwamba 1944 kaɗai mutum 69 suka mutu.

Bayan yaƙi fa?

Ya tsamo 'yan sama-jannati daga teku a 1962 da 1965, ya je yaƙin Vietnam sau uku, aka sallame shi a 1974.

Yaya aka yi bai faɗa hannun 'yan gwangwan ba?

Saura ƙiris. Wani attajirin magini, Zachary Fisher, shi ya tsaya kai da fata har aka buɗe shi ga jama'a a 1982 a bakin kogin Hudson. Yanzu akwai jirgin saman Concorde, mai gudu fiye da sauti, a gefensa, da jirgin ƙarƙashin ruwa Growler, da kumbon Enterprise, wanda ko sau ɗaya bai je sararin samaniya ba, na gwaji ne.

Yana iya tafiya har yanzu?

A'a, sai an ja shi, kuma ko jan ma aiki ne. A Nuwamban 2006 aka zo fitar da shi gyara, ga manyan baƙi, ga 'yan jarida, jiragen ja suka yi iya yinsu ya ɗan gusa kaɗan ya kafe. Lakar shekara 24 ta riƙe farfelolinsa gam. Sai da aka yashe ta, ya fita a Disamba, ya dawo a Oktoban 2008.