Waiwaye: Dawaki nawa ne a cikin injin nan?

Gardamar ta daɗe a tsakanin masu gyaran injin motocin tsere, kuma har yau ba ta lafa ba. Mutum ya kai motarsa gareji, an ɗora ta a kan na'urar awon ƙarfin inji, wato dainamomita ko daino a taƙaice, an ba shi takarda mai nuna ƙarfin dawaki 400. Bayan mako guda ya kai ta wani garejin, ba a taɓa ko noti ɗaya ba, aka ba shi 360. Nan take sai zargi ya tashi. Wasu su ce mai garejin farko ya yi masa daɗin baki don ya riƙe shi, wasu su ce na'urar gareji na biyu ce mai rowa, wasu kuma su yanke hukunci cewa daino gaba ɗayanta ƙarya ce. Masu wannan musu suna magana kamar jiya abin ya ɓullo, alhali tushensa ya haura shekara ɗari biyu.

A farkon shekarun 1780 James Watt, injiniyan nan ɗan Sikotilan, ya nemi hanyar da zai fahimtar da masu sayen injinsa na tururi irin aikin da zai yi musu. Mutanen sun saba da doki, sai ya auna da doki: ɗaga nauyin fam 33,000 tsayin ƙafa ɗaya cikin minti ɗaya. A awon lantarki wannan ya kai kimanin wat 746. Daga baya ƙasashen Turai masu awo da mita suka tsayar da nasu dokin a kan wat 735.5, shi ya sa motar da takardarta ta Jamus ta ce 300 za ta zama 296 a lissafin Amurka. A 1821 Gaspard de Prony na Faransa ya ƙera birkin da ake matse inji da shi a auna ƙarfin murɗawarsa, a 1877 kuma William Froude na Ingila ya fito da mai amfani da ruwa. Tun daga lokacin ba a auna doki kai tsaye. Abin da ake aunawa shi ne murɗawa (a awon fam-ƙafa) da yawan juyin inji a minti, a ninka su, a raba da 5,252, sai adadin dawaki ya fito.

Babin da aka fi ambata shi ne na 1971 zuwa 1972 a Amurka. Kafin nan ana gwada inji tsirara a ɗakin gwaji, babu matatar iska, babu cikakkiyar salansa, babu kayan da ke jan ƙarfi ta bel kamar yadda suke a cikin mota. Da aka koma gwada shi sanye da duk kayansa, sai alƙaluma suka faɗi warwas. Injin 426 Hemi na kamfanin Chrysler na 1971 an rubuta masa dawaki 425 a tsohon awo, 350 a sabon, kuma inji ɗaya ne. Da yake a daidai wannan lokaci ne aka rage matsin injuna saboda sauyin man fetur da dokokin hayaƙi, mutane da yawa sun kasa rarrabe ƙarfin da ya ɓace da gaske da wanda ya ɓace a takarda kawai. A Japan ma, daga 1989 zuwa 2004, masu ƙera motoci sun yi yarjejeniyar kada a tallata abin da ya wuce dawaki 280 a kasuwar cikin gida.

Duk wannan sananne ne. A ganina abin da ya haifi gardamar yau ya faru ne shiru, a wajen ƙarshen shekarun 1980, lokacin da wata irin daino mai sauƙin kuɗi ta fara shiga ƙananan gareji, da farko na babura, daga baya na motoci. Kafin zuwanta, wanda ke son sanin ƙarfin injinsa daidai sai ya ciro shi daga mota, ya ɗaura shi a kan birkin ruwa, aikin kwanaki da kuɗi masu yawa. Sabuwar na'urar ba ta da birki ko kaɗan. Ganga ce ta ƙarfe mai nauyi, an san nauyinta. A hau da tayoyin da ke jan motar a kanta, a ɗaure motar da ɗamara gaba da baya, a ajiye babbar fanka tana hura wa lagireto iska. Direba ya sa giya ta huɗu, ya take totur har ƙasa, injin ya yi kuka na 'yan daƙiƙoƙi, ya saki. Kwamfuta ta duba saurin da gangar ta ƙara cikin wannan ɗan lokaci, ta lissafa ƙarfin da ya isa ya juya ta haka.

Alherin da wannan na'ura ta kawo ba ƙarami ba ne, domin ƙaramin bakanike ya samu abin da a da sai manyan masana'antu. Amma ta sauya ma'anar adadin ba tare da jama'a sun lura ba. Na farko, a taya take aunawa, bayan ƙarfin ya bi ta giyabos da shaf da ƙafa, kowanne ya ci rabonsa. Masu ƙera mota kuwa a bakin karanshaf, wato sandar da ke fitar da juyin inji, suke aunawa. Don a haɗa biyun sai aka shiga ƙiyasi, aka saba cewa kashi 15 cikin ɗari ke ɓacewa a hanya. Mu ɗauka taya ta nuna 340. Wanda ya yi lissafi da kashi 15 zai ce injinsa 400 ne, wanda ya ɗauki kashi 20 zai ce 425, wanda ya ɗauki 12 zai ce 386. Gwaji ɗaya, dawaki kusan arba'in a tsakani, kuma babu wanda ya auna asarar, zato kowa ya yi. Asarar ma ba a tsaye take ba: ta danganta da irin giyar, da ko tayoyi biyu ke ja ko huɗu, da zafin man giya.

Na biyu, tunda saurin juya ganga ake dubawa, duk abin da ke juyawa a jikin motar ya shiga lissafi. Sa ƙafafu marasa nauyi, adadin zai ɗaga, alhali injin bai ƙara komai ba. Sauya giya, ya sauya. Matse ɗamara da yawa, ko rage iskar taya, ko taya ta ɗan zame a kan ganga, duk za su bayyana a takarda kamar ƙarfi ne ya ragu. Gwaji na uku a jere, bayan inji ya ɗau zafi, sau da yawa ba ya kai na farko. Ga kuma na'urorin da ke riƙe taya da birkin lantarki, da waɗanda ake cire taya a ɗaura su a kan hob, wato mazaunin taya, kowacce da yadda take karantawa.

Sai batun iska, wanda shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Inji iska yake shaƙa, iska mai zafi ko ta kan tudu kuwa ba ta da kauri. Injin da ba shi da turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, yana rasa kimanin kashi 3 cikin ɗari a duk hawan mita 300, don haka motar da ta taso daga Legas ta hau Jos ba za ta ja kamar yadda ta saba ba. Saboda haka kwamfuta ke gyara sakamakon zuwa wani yanayi da aka amince da shi. Matsalar ita ce yanayin ba ɗaya ba ne. Tsohon ma'aunin Amurka ya ɗauki zafin digiri 15.6, ma'aunin J1349 na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ya ɗauki digiri 25 da matsin iska ƙasa da na tsohon, na Jamus kuma digiri 20. Tsakanin na farko da na biyu akwai kimanin kashi 4 cikin ɗari, wato dawaki 16 a injin 400, daga zaɓi ɗaya a allon kwamfuta. A gari kamar Denver, mai tsayin kusan mita 1,600, inda matsin iska ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin shida, gyaran yana da girma. Idan aka yi wa injin turbo irin wannan gyara cikakke, an biya shi diyyar asarar da turbo ya riga ya cike masa wani ɓangarenta.

Wannan ne ya sa nake jin zafi idan na ga an ɗora wa na'urar laifi, ko an kira bakanike maƙaryaci kafin a bincika. Daino ɗaya, mota ɗaya, rana ɗaya, giya ɗaya, tana nuna bambancin kafin a gyara motar da bayan an gyara ta da aminci sosai, kuma don wannan aiki makanikai suka rungume ta. Abin da ya lalace shi ne yadda aka cire adadin daga takardarsa, aka bar zafin ranar da sunan ma'auni da wurin awo a baya, aka riƙa gwada shi da na wani gari. Manyan masana'antu sun ɗan gyara nasu ɓangaren a 2005, da aka fito da tsarin da ke buƙatar shaida mai zaman kansa ya halarci gwajin inji. Ƙananan gareji ba su da irin wannan tsari.

Tsofaffin 'yan tseren Amurka suna da nasu ma'aunin da suke duba takardar daino da shi. A filin rubu'in mil, wato mita 402, sukan ɗauki saurin mota a ƙarshen fili da mil a awa, su raba da 234, su ninka sakamakon da kansa, su sake ninkawa da shi, sannan su ninka da nauyin mota da direba a fam. Mota mai fam 3,500 da ta ƙetare layi da gudun mil 117 za ta ba da kimanin dawaki 437. Shi ma ƙiyasi ne, iska da santsin fili suna taɓa shi, amma idan takarda ta ce 550 fili ya ce 437, to akwai tambayar da ya kamata mai motar ya koma gareji da ita.